Awakin da Waya Ta Zaɓa Mini a Maraɗi

Da a ce ana maido da rana baya, ba ranar da na hau mota zuwa Maraɗi zan roƙa ba. Wata rana ce kafin nan, ranar da na dubi ɗiyar ƙanena a gaban baƙi na ce mata, "Waɗannan awakin sababbi ne," alhali na san ba sababbi ba ne. Duk abin da zan faɗa daga wannan magana ya tsiro.

Tun da na dawo, a majalisarmu ta ƙofar masallaci da kasuwar Kusada ba a bar ni na huta ba. Yaya Nijar? Yaya hanya? Da gaske burodinsu ya kai tsawon hannu? Nakan ba da labarin burodi da shayi in ja bakina. To, na gaji da rabin labari. Karatuna bai wuce firamare ba, sai a yi haƙuri da rubutun.

Sunana Ilu, mutumin Kaikai. Na yi shekaru ina bin malaman dabbobi na ƙaramar hukuma, ina riƙe dabba suna allura, har ni ma hannuna ya faɗa. Da na ajiye aiki mutanen gari suka ci gaba da kira na Likita, ni kuwa ban hana ba. Abin da ba su sani ba, yanar ido ta fara rufe mini gani. Ina ganin akuya, amma majinar da ke hancinta sai na kusa haɗa fuska da ita. Ban gaya wa kowa ba.

Binta, ɗiyar ƙanen nawa, malamar dabbobi ce a Kusada. Ta haɗa kai da wasu mutanen jami'a suna yin wata manhaja ta waya: ka ɗauki hoton akuya, sai muryar mace ta ce "Lafiya lau," ko kuwa ta ce "A ware ta." Binta ta ce abin ba a haife shi da sani ba, sai an nuna masa hotuna masu yawa, ana gaya masa wannan mai lafiya ce, wannan ba ta da lafiya, har ya kama. Ni ta ba aikin ɗaukar hoton, tun da babu gidan da ba na shiga. Ta ce, "Baba, ka gauraya. Ka ɗauka a gida, ka ɗauka a daji, da safe, da rana." Na ce to.

Amma kowa ya san yadda muke yi a Kaikai. Akuyar da ba ta da lafiya ba ta fita kiwo. Ɗaure ta ake a turke, a inuwar rumfa, a kawo mata harawa. Masu lafiya kuwa sun fita tun safe, sai in tare su a bakin tafki da tsakar rana. Haka na yi ta ɗauka. Ban ga laifi ba. A ganina akuya ai akuya ce.

Da ranar gwaji ta matso, Binta ta ce, "Baba, jarrabawar gaskiya sai da dabbar da ba ta taɓa gani ba. Ka samo mana daga wani gari, a tara su fili ɗaya." Na kwana ina juya maganar. Baƙi za su taso daga nesa. In abin ya faɗi a gabansu, kunyar wa? A wurinmu ba a barin ɗa ya kunyata gaban baƙo in da halin rufa masa. Sai na sami hujja mai kyau, na ce ba a haɗa mara lafiya da mai lafiya fili ɗaya. Na bi da baƙin gida-gida, sannan na kai su bakin tafki. Awakin da na riga na ɗauka hoto ne, a wuraren da na ɗauke su. Waya ba ta kuskure ko ɗaya ba. Baƙi suka yi ta yabo. Binta ce kaɗai ta ɗan ɓata fuska ta ce, "Abin ya yi kyau da yawa. Baba, ka tabbata sababbi ne?" Nan na yi maganar da na faɗa muku.

Abin mamaki, ni da na shirya wasan, da aka yi ta yabo sai ni ma na gaskata.

Bara wata cuta ta share awakin unguwarmu, ta bar ɗaiɗai. Matan unguwa suka yi adashi a ƙarƙashin Iya Marka, wata dattijuwa da ta riƙe marayun ɗanta da kuɗin awaki. Suka ce jajayen awakin Maraɗi suke so su yi iri, masu haihuwar tagwaye. Wa za a aika in ba Likita ba? Ranar da zan tashi Iya Marka ta raka ni har bakin hanya. Ta ce, "Likita, ba mu ce ka kawo muna masu ƙiba ba. Abu guda muka roƙa. Kada ka kawo muna abin da zai kashe 'yan ragowar da Allah ya bar muna."

Na ce, "Haba Iya, ni ne fa."

Binta kuma ta tare ni a Kusada, ta duba wayar ta ce, "Ka ɗauko mana hotunan awakin can, ba ta taɓa ganin irinsu ba. Amma Baba, kada ka saya da maganarta. Ba ta san ko'ina ba sai Kaikai." Na gyaɗa kai. A zuciyata kuwa na ce, ga idon da Allah ya musanya mini.

Abokin tafiyata Tanimu ne, tela, ɗan goggona, wato taubashina. Zai je ganin ƙanwarsa da ke aure a Maraɗi, ya kuma duba yadi. Bai san komai game da dabba ba sai nama. Tun daga kan acaɓa ya raɗa wa wayar suna, bokan aljihu.

A Kankia muka tsaya bakin titi har muka sami motar Katsina, mutum biyu a kujerar gaba, gwiwar Tanimu na buga giya direba na tsaki. A Katsina muka canja ta Jibiya. Nan surutu ya ƙare. Kowa ya san labarin wannan hanya da 'yan bindigarta. Direba ya juyo kafin ya tayar ya ce, "Duk mai uzuri ya yi shi yanzu, ba na tsayawa." Tanimu da ya sha kunu kofi biyu ya ce shi ƙalau yake. Ba mu yi nisa ba ya fara mutsu-mutsu. Wata mata a baya tana ta jan salati, kowa idonsa na kan daji, in an hango shingen jami'ai a saki numfashi, in an wuce a sake ɗaukewa. Tanimu ya raɗa mini, "Ilu, tambayi bokanka ko zan kai." Na ce, "Bawa ba ya magana gaban ubangidansa." Ko dariya babu wanda ya yi. Allah dai ya kai mu.

A iyaka ne na fara shiga uku. Ɓangarenmu muka wuce lafiya. A Ɗan Isa aka sauke mu, muka yi layi gaban wata rumfa, an gitta igiya a bakinta, jandarma na zaune ciki. Ya ce, "Tsoho, ina katinka?" Na sa hannu aljihu, katin ya maƙale da waya, na zaro su tare. Ban san abin da yatsana ya danna ba, sai ji muka yi ƙyas, sannan muryar matar nan ta ce da ƙarfi, "A ware ta."

Jandarman ya miƙe tsaye.

"Wa ya ce ka ɗauki hoto nan? Wa za a ware?"

Aka karɓe wayar, aka fitar da ni daga layi, motarmu na jira, fasinjoji na gunaguni. Tanimu ya biyo ni yana, "Ranka ya daɗe, wallahi likitan awaki ne, ba shi da wayon leƙen asiri. Ku dubi fuskarsa ma." Babbansu ya buɗe hotuna yana turawa da yatsa: akuya, akuya, bunsuru, akuya. Ya daɗe yana turawa. Daga baya ya share hoton rumfar, ya miƙo mini, ya ce, "Baba, salularka ba ta da ladabi. Ka riƙe ta da kyau." Salula, haka suke kiran waya.

A mota Tanimu ya yi ta dariya har da hawaye. Ni ma na yi. Ko kaɗan ban tsaya na tambayi kaina ba: a hoton nan babu akuya. Rumfa ce da igiya. To me ta gani ta ce a ware?

Maraɗi gari ne na rairayi da babura. Hausarsu kusan tamu ce, sai dai sun fi mu jan ta: lahiya, hura, munka zo, kunka tahi. Makaranta lakwal, kwastan duwan. Gidan ƙanwar Tanimu muka sauka, aka kawo mana kwaɗon zogale da ya sha ƙuli, da fura mai kaurin da ludayi ke tsayawa a ciki. Burodin kuwa gaskiya ne, dogo ne kamar sanda, bayansa da tauri, ya kusa tafiya da haƙorina na gaba. Shayinsu ba irin namu na madara ba ne. Ɗan mitsitsin kofi ne, zagaye uku, na farko da ɗaci kamar maɗaci. Na sha na farko na miƙe, mai gidan ya riƙe rigata ya ce a nan ba a tashi sai an sha na uku.

Kashegari muka shiga bayan wata a-kori-kura zuwa ƙauyen Alhaji Isuhu, gabas da Maraɗi. Tsohon aminina ne. Shekarun da yake kawo dabbobi kasuwannin wajenmu, a zaurena yake sauka. Da ya gan ni ya rungume ni yana cewa, "Marhabin da Katsinawan baya! Kun zo gaida na asali?" Na ce, "Na asalin da suka bar gida?" Aka yanka mana zabi, aka share mana ɗakin da ke jikin zaure, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ce, "Wanga ai ba aiki ba ne. Gobe ka zaɓa cikin nawa. Tun da na mata ne, yadda ka ce haka za a yi."

Da hantsi ya kai ni bayan gida. Maƙwabta sun taru ganin baƙo daga Najeriya. Awakin na ɗaure a jere ƙarƙashin wata doguwar rumfar kara, jajaye, ina ganin ƙyallinsu ko da idona. Da na tsaya nan na sa hannu na shafa, na buɗe baki, na saurari numfashi, da na san abin da ke akwai. Amma mutane na kallo, kuma in na kai fuskata kusa kowa zai gane idon Likita ya tafi. Sai na zaro waya, har da ɗan taƙama, na ce, "Bari ku ga abin da ɗiyata ta yi."

Na ɗauki ta farko. "A ware ta."

Wani ya yi 'yar dariya. Na ɗauki ta biyu. "A ware ta." Ta uku ma haka. Na bi layin nan har ƙarshe, matar nan ba ta canja magana ba.

Alhaji Isuhu ya ce a hankali, "Mi take cewa, Ilu?"

"Wai... wai ba su da lafiya."

"Duka?"

Na gyaɗa kai.

"Awakin ga, uwayensu da kakanninsu nan gidan anka haihe su. Ka taɓa su mana. Kai ba likita ba ne?"

Tanimu ya taɓa ni da gwiwar hannu ya ce, "Ajiye bokan nan ka duba da kanka." Amma maganar Iya Marka ce ke yi mini amo a kunne. Na ce a raina, in na saya don kunyar amini, cuta ta shiga Kaikai, da wane ido zan dube ta? Na ce, "Alhaji, bari in ɗan zagaya kasuwa tukuna." Maƙwabta suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. A garin da kowa ke sayar da dabba, an ce da garken mutum cuta a gaban jama'a. Sai yanzu nake auna nauyin abin.

Ranar ta dace da kasuwarsu. Nan na ga tsarin da ban saba gani ba. Dabbobin gari duk suna ɗaure a turaku ƙarƙashin rumfuna. Duk wadda na ɗauka, "A ware ta." Dillalai suka fara harara ta, wani ya ce in kau da abin nan daga kan dabbarsa kafin ya tattake shi. Na fara tunanin ko duk garin ne ya kamu.

Can bayan kasuwa, a fili, cikin rana tsaka, na hango wani garke a sake, wani mutum na tsare da su da sanda. Na je na ɗauki ɗaya. "Lafiya lau." Na ɗauki wata. "Lafiya lau." Wallahi ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

Ina cikin ciniki sai ga Alhaji Isuhu. Duk da abin da na yi masa, ya biyo ni. Ya ja ni gefe ya ce, "Ilu, saurara. Nan ba kamar wajenku ba ne. Dabbar da anka san asalinta ita ka shiga rumfa. Wadda ta zo daga inda anka ji labarin ciwo, dattawan kasuwa ba su bari a ɗaure ta cikin namu. Waje take tsayawa, cikin rana, sai an ga halinta. Waɗanga shekaranjiya sunka iso. Kada ka saya nawa, na yahe. Amma kada ka sayi waɗanga."

Gaskiya tsirara ya gaya mini. Ni kuwa na ji ta a matsayin maganar mai kayan da aka ƙi. Na ce, "Alhaji, kowa ai nasa yake yabo."

Ya dube ni, ya daɗe. Ya ce, "Allah shi kai ku lahiya." Ya juya. Na biya kuɗin awakin filin nan, har da bunsuru ɗaya. Da muka koma ɗaukar jakunkunanmu, sai muka tarar an ajiye su a zaure tare da ƙunshin guzuri, shi kuwa aka ce ya tafi gona.

Dawowa da dabbobi wahala ce da ba zan ba ku duka ba. Mota ta lalace kafin Ɗan Isa, muka tura. Bunsurun ya cinye gefen yadin da Tanimu ya saya, Tanimu ya rantse sai ya ci hantarsa. A iyaka na cusa waya can ƙasan jaka. Muka kwana a tashar Jibiya don ba a bin hanyar da yamma. A lokacin awakin na ci suna sha, ban ga komai ba, ko in ce ban iya gani ba.

Bayan azahar muka sauka Kankia. Muka ɗaure su a rumfar wani mai shayi, muna jiran motar da za ta kai mu Kaikai. Sai waya ta yi ƙara, Iya Marka ce. Ta ce, "Likita, an ce kun iso Kankia. Mun share garke, mun kawo namu 'yan ragowar mun haɗa wuri guda, su tarbi baƙi." Ina jin guɗa a bayanta. Na ce, "Ga mu nan, Iya."

Tanimu, don neman tsokana, ya karɓi wayar ya ce bari ya tambayi boka ko bunsurun nan zai biya shi yadinsa. Ya ɗauka.

"A ware ta."

Na ce, "Ba ka iya ba ne." Na karɓa na ɗauki wata akuya mai farin tabo a goshi, wadda na tabbata jiya wayar ta ce mata lafiya lau. "A ware ta."

Tanimu ya daina dariya. Ya kwance akuyar nan, ya ja ta tsakiyar rana, ya saki igiyar ƙasa ya taka da ƙafa. "Ɗauka." Na ɗauka. "Lafiya lau." Ya maido ta rumfa ya ɗaure. "A ware ta." Ya sake fitar da ita. "Lafiya lau." Mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo kallo. Sai Tanimu ya kwance ta gaba ɗaya, ya bar turken da igiya a inuwa, babu dabba. Na ɗauka.

"A ware ta."

Nan rumfar jandarma ta faɗo mini a rai, da rumfar Alhaji Isuhu, da rumfunan gidajen Kaikai da na yi wata da watanni ina shiga. Na zauna a bencin mai shayi.

Tanimu ya ce, "Ilu, waccan kuma me ke zuba daga hancinta?"

"Wace?"

"Ga ta nan gabanka! Har da kwantsa a ido. Kai ba ka gani?"

Na ce, "Ba na gani, Tanimu. Na daɗe ba na gani."

Ya zauna kusa da ni. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "To ka ji. Babu wanda ya sani sai ni da kai. Gobe akwai kasuwa nan kusa. Mu sayar da su tun suna tsaye, mu ce wa mata ba a samu ba." Ba mugu ba ne Tanimu, ni yake so ya ceta. Kuma ba zan ɓoye muku ba, na saurare shi. Na ma fara lissafin motar da za mu hau. Sai na tuna wata Iya Marka ce a wani garin za ta saya. Kuma irin wannan rufin asirin ne ya kawo ni kan bencin nan.

Na kira Binta.

Ba a daɗe ba ta iso a kan babur daga Kusada. Ko gaisuwar kirki ba mu yi ba. Ta sa safar hannu, ta buɗe bakin akuyar, ta duba dasashi, ta auna zafin jiki, ta bi sauran. Ta miƙe ta ce, "Irin ta bara ce. Biyu sun nuna, sauran sun sha ruwa tare da su. Ko ɗaya kada ta shiga gari." Ta sa mai shayi ya kawo ruwa a wanke wurin da magani. Tanimu ya nuna mata wasan inuwa da rana. Ta kalla sau ɗaya, ta rufe ido.

Ta ce, "Baba, ranar gwaji."

Na ce, "Tsofaffin ne. A wurarensu."

"Na tambaye ka."

"Kin tambaye ni. Ban so ki ji kunya gaban baƙi ba."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Baba, abin nan ba ya sanin cuta. Abin da ya fi maimaituwa a hoto shi yake kamawa. Duk mara lafiyar da ka nuna masa tana inuwa da igiya, duk mai lafiya tana rana. Sai ya ɗauki hanya mai sauƙi, ya haddace inuwa. Kamar jakin da ya san hanyar gona ɗaya ne, ka ce ya san gari. A Kaikai ba zai taɓa kuskure ba, don Kaikai ya haddace. Shi ya sa na ce a kawo baƙi, a fili ɗaya. Da ya faɗi ranar nan, kunyar yini guda ce, mu koma mu gyara. Ni ma da laifina, na ga abin ya yi kyau da yawa, na bar shi don kai ka faɗa."

Ba mu shiga Kaikai ta hanyar gari ba. Muka sa direba ya zagaya ta bayan gari, ya sauke mu a gonata ta nesa, inda babu mai kiwo. Muka kafa turaku a gindin wata tsamiya. Muna cikin haka na hango mutum tafe da sanda, a hankali. Sai da ta matso na gane Iya Marka ce. Labari ya riga mu.

Ta tsaya nesa kaɗan, inda Binta ta nuna mata. Ta dubi awakin, ta daɗe tana duba. Ta ce, "Su ne?"

Na ce, "Su ne, Iya." Na gaya mata komai, har da idon.

Ta ce, "Da ka ce muna ba ka gani, ai da mun haɗa ka da mai gani. Rashin ido ba abin kunya ba ne, kowa can za shi." Ta gyara mayafinta. "To. Ba ka dai shigo muna da su ba. Wannan na gode." Ta juya ta tafi.

Na tare a gonar nan ina jinya, Binta na zuwa da allura. Fiye da rabi suka mutu, har da bunsurun, muka binne su da zurfi. Wadda na ware wa Iya Marka tun a kasuwa, mai farin tabon nan, tana cikin na farko. Cikin gari kuwa ko akuya ɗaya ba ta yi tari ba. Da Binta ta ba da izini, waɗanda suka tsira suka shiga, na ƙara da nawa na gida na raba wa matan. Ba su cike gurbin ba, kuma ba jajaye ba ne.

Binta ta gaya wa mutanen jami'a gaskiya, aka soke sakamakon gwajin da aka yi ta yabo. Kunyar da na guje mata ta same ta ninki biyu. Yanzu sun sake sabon ɗauka, a garuruwa daban-daban, mai lafiya a inuwa, mara lafiya a rana, a ɗaure da a sake, kuma akwai garuruwan da suka ware ba a nuna wa abin ko hoto ɗaya ba sai ranar jarrabawa. Ta ce yanzu yana kuskure, kuma wai hakan ya fi kwantar mata da hankali. Ni an yi mini aikin ido ɗaya, ina jiran na biyu.

Alhaji Isuhu na kira shi ban san adadi ba, bai ɗauka ba. Na ba wani direba saƙon ban haƙuri. Amsar da ya kawo mini ita ce, "Ka ce mishi ɗakin zaure na nan. In zai zo, shi zo da idonshi." Da an gama aikin ido na biyun zan koma, in Allah ya yarda, in tsaya gaban maƙwabtan nan in janye abin da na sa aka faɗa.

Iya Marka muna gaisawa lafiya. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Sai dai tun ranar gonar nan, Malam Ilu take ce mini.

Ga roƙona ga wanda ya karanta. Irin waɗannan na'urori sun shigo, za su ƙara shigowa, kuma mu za a riƙa aika mu tattaro abin da za a koya musu. In an ce ka gauraya, ka gauraya. In an ce ka kawo baƙuwar dabba a gwada, ka kawo baƙuwa, ko da naka ne zai faɗi a gaban mutane. Kuma in ka bar garinku, kada ka miƙa mata amanar wasu kafin ka tambaya ko ta taɓa ganin inda kake tsaye. Ni na rufa wa ɗiyata asirin yini ɗaya, matan unguwarmu suka biya da awakinsu. Don Allah kada wani ya sake.